Ranar da Baba Ya Zare Wayar Tele

Wata Asabar ce ta watan Mayu a shekarar 2006, ina da shekara tara, ina zaune a ƙasa ina gyara wa Inna alayyafo a faranti. Baba na kan teburin cin abinci da takardar haraji, wadda mu a gida muke kira takardar lampo, tabarau a kan hanci, bik, wato biro, a hannu. Tele na kunne, wata mata tana nuna taswirar Faransa tana faɗin inda za a yi ruwa gobe, Inna kuma tana bin bakinta a hankali kamar mai biya karatun allo. Sai Baba ya ajiye bik. Ya tashi ya zagaya bayan tele, ya durƙusa ya zare farar wayar eriyar nan da ke shiga bango. Matar ta ɓace a tsakiyar magana, allon ya cika da yayyafin fari da baƙi. Ya naɗe wayar a hannunsa tsaf, ya jefa ta aljihun riga, ya koma ya zauna, ya yi alama a wani ɗan ƙaramin akwati a jikin takardar, ya sa hannu. Sa'an nan ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "Daga yau mun rabu da su. Ba mu kallonsu, ba mu biyansu." Inna ta rufe ɗan littafin da ke kan cinyarta, ta karɓi farantin alayyafo daga hannuna ta shige kicin.

Ga wanda bai zauna Faransa a waɗancan shekaru ba, sai na ɗan yi bayani. Duk gidan da ke da tele yana biyan wani kuɗi sau ɗaya a shekara, a haɗe da harajin gida, kuma da shi ake tafiyar da tashoshin gwamnati. Wanda ba shi da tele sai ya yi alama a wancan ɗan akwati ya sa hannu, shi ke nan an ɗauke masa. Baba haifaffen Maradi ne, sana'arsa sayen tsofaffin motoci yana turawa gida ta jirgin ruwa, kuma hankalinsa na kasuwa ne: abin da ka ɗauka shi kake biya, abin da ka mayar ba ya kanka. To shi ya mayar musu da kayansu, da hannunsa ya zare. A ganinsa akwatin da ba ya kama tasha ya tashi daga tele, ya koma abin kallon kaset kawai. Bai tambayi kowa ba, domin Baba ba ya tambaya, shi ake tambaya. Abin da ke ba ni haushi har gobe shi ne ko waiwayar wadda ke zaune a gaban akwatin bai yi ba.

Tele ɗin ta girme ni da shekara guda. A Paris aka saye ta, lokacin muna wani ɗan ɗaki can ƙarƙashin rufi kusa da Barbès, inda jirgin metro ke wucewa ta saman kasuwa. Duk jirgin da ya wuce sai hoton ya yi rawa, ni kuma in tashi in taya shi. Baƙa ce mai ƙatuwar ƙeya, Inna ta saƙa mata ɗan mayafi da zare ja da fari don ƙura. A can ba ta damu da ita ba, domin zaman Barbès ba ya buƙatar Faransanci. Tana sauka ƙasa za ta gamu da matan Damagaram da na Tawa suna cinikin tattasai, mahaucin unguwa ya san abin da take so da nuni, ƙanenta Kawu Sani kuwa yana da shagon atamfa da katin waya a bayan layi, shi ke cike mata kowace takarda. Shekara bakwai ta yi a Paris, abin da ta iya bai wuce gaisuwa da sunayen tashoshin metro biyu ba.

Ina shekara shida sana'ar Baba ta mai da mu Lyon, unguwar Vaulx-en-Velin, hawa na tara a wani dogon bene mai asansar, na'urar hawa da sauka, da ke aiki ranar da ta ga dama. Nan Inna ta gane ba ta da baki. Babu Bahaushiya ko ɗaya a benen, Baba kuma ya fita tun safe sai magariba. Sau ɗaya ta kafa turmi ta fara daka, maƙwabcin ƙasa ya dinga dukan silin ɗinsa da sandar tsintsiya, daga ranar turmi ya koma kujera. Ni na zama bakinta. A kanti ni, a gidan waya ni, wurin likita ni, har a taron iyaye na lakwal, wato makarantarmu, inda malama za ta ce na cika surutu ni kuma in fassara wa Inna cewa ina da ƙoƙari ƙwarai. Wata rana likita ya yi mata wata tambaya ta mata, kunya ta hana ni fassarawa, muka tsaya mu uku muna kallon juna. A cikin bas muna dawowa ta daɗe tana duban taga, can ta ce, "Nana, in Allah ya yarda, kahin ki gama lakwal ɗin ga ni kaɗai zan shiga wurin likita." Washegari ta aike ni na sayo mata kaye, irin littafin rubutun da muke zuwa da shi makaranta.

Inna ba ta yi boko ba, amma ta yi allo sosai, don haka da ajami take rubuta Faransancinta, daga dama zuwa hagu, da wasali da komai. Malamanta duk a tashoshin gwamnati suke. Akwai matar yanayi, akwai wani mai girki da ke ɗaga kowane abu ya faɗi sunansa kafin ya yanka, akwai wani shirin la'asar inda dattawa ke haɗa kalmomi da haruffa ba sauri ba hayaniya. Ranar Laraba kuma, da ba ma zuwa lakwal, ana yin shirin kimiyya na yara, wani lokaci a buɗe mutum-mutumin roba a fito da hanta da ƙoda da huhu ɗaya bayan ɗaya. Shirin nawa ne a suna, amma Inna ta fi ni matsawa kusa da allon, domin a nan kalmomin da take farauta suke. Kafin shekara biyu ta kai ta kawo idan na yi mata fassarar son rai sai ta murɗe mini kunne ta ce, "Ba haka ta ce ba." Saura ƙiris ta fara magana da baƙo, harshen ne kawai bai saki ba, sai ga Baba da bik ɗinsa.

Ba zan ce ba shi da dalili ba, kuma wannan ne ya hana fushina samun wurin zama guda. Shekara da shekaru yana biya bai taɓa ƙorafi ba. A kakar da ta gabata aka yi 'yan kwanaki ana tashin hankali a unguwanni irin namu, samari suka ƙona motoci. Wata yamma muna cin tuwo sai ga ƙofar benenmu a labarai, ga ƙonanniyar mota, ga wani ɗan jarida ya ɗaure fuska kamar ya sauka a filin yaƙi, ga kuma Baba da kansa ya gifta ta baya da hularsa da ledar burodi. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba, amma kwana uku suna maimaita hoton. Ranar da iyaye suka taru suka yi wa lakwal ɗinmu fenti ba mu ga kamara ba, haka ranar da 'yar maƙwabtanmu ta gama karatun likita. Hoton ya kai har Maradi, kakarmu ta bugo waya tana kuka a mayar mata da jikokinta. Wani abokin cinikinsa Bafaranshe ya ce masa cikin raha ya gan shi a cikin 'yan tarzoma. Baba ya zauna ya rubuta wa tashar wasiƙa shafi biyu, ni na gyara masa rubutun, amsa ba ta taɓa zuwa ba. Duk hunturun nan magana ɗaya ce a bakinsa: "In biya su, su zage ni?"

Bayan an zare waya sai muka koma kallon abin da Kawu Sani ke aiko mana daga Barbès, wa'azi da finafinan Hausa da kaset ɗin bikin dangi. Bikin wata 'yar gwaggona mun kalle shi har na san daidai inda mai kamara zai yi tuntuɓe. A filin lakwal muna tsallen igiya, muna zana 'yar gala-gala da alli a kan kwalta, amma tsakanin wasa da wasa hirar abin da aka gani jiya ake yi. Ni sai in yi ta gyaɗa kai ina dariya inda aka yi dariya. Rannan na zaƙe na faɗi yadda wani shiri ya ƙare, ashe mutumin da na kashe yana nan da ransa, suka yi mini ihu har aka buga ƙararrawa. Da malama ta ce mu kalli shirin duwatsu masu aman wuta mu rubuta abin da muka gane, na ce mata tele ɗinmu ta lalace, ta yi mini wani kallon tausayi da na fi tsana fiye da duka. Duk wannan ƙaramin abu ne. Babbar asarar tana cikin durowa ƙarƙashin dardumar salla, inda Inna ta ajiye kayenta. Sau ɗaya na ji ta roƙi Baba ya mayar da wayar, ya amsa mata yana ɗaure takalmi, "Ga Nana nan, mi kike nema da yarensu?"

Ni na kawo dabara, a wurin wata ƙawata 'yar Aljeriya na samo ta. Aka ɗauko maratayin riga na ƙarfe, muka warware shi ya miƙe, muka cusa bakinsa a ramin da ke bayan tele. Hoto ya zo, amma da sharaɗi: sai wani ya riƙe ɗaya bakin ya ɗaga shi saitin taga. Wanin nan kuwa ni ce. Haka nake tsayawa hannu a sama kamar wadda aka ba horo a aji, ina jin muryar mai girki ba na ganinsa, Inna na tuƙa ni daga kan turminta. "Ɗaga kaɗan. A'a, kin ɓata. Yawwa, tsaya hakanan, kak ki motsa." Kafaɗata ta yi tsami, in sauya hannu, hoto ya gudu, a sake nema. Lalacewar asansar ta zame mana gata, domin tun daga hawa na bakwai muke jin tarin Baba, kafin ya sa makulli an zare ƙarfe an jefa bayan firji, kaset ɗin biki na juyawa. Wata da watanni muna haka. Kaye ya fito daga durowa ya ci gaba da cika. Ta gama da gaɓoɓin jiki ta shiga jimloli, ina jin ta a kicin tana gaya wa tukunya da Faransanci cewa nan ke yi mata ciwo tun kwana uku.

A Babbar Sallar ƙarshen shekarar Kawu Sani ya zo mana daga Paris. Ana cin nama Baba ya ba shi labarin wayar da alfahari, Kawu ya yi dariya har ya ƙware. "Haba Alhaji, wahalar mi? Mu duka muna buga alamar ga, kuma muna kallon ƙwallonmu. In mai dubawa ya ƙwanƙwasa, ka lulluɓe ta da zane ka aza tukunya bisa, ai ba shi da ikon shigowa sai ka ce mishi bisimilla." Baba ya ajiye ƙashin da ke hannunsa, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Sani, ni ban yi musu ƙarya ba. Hannuna na sa, kuma tun ran da na sa shi ba a kalli tasharsu cikin gidan ga ba. Tambayi yayarka." Inna na yanka albasa a lokacin, na ga wuƙar ta tsaya. Ba ta ɗago ba, ta ce tana jin miya na kamu, ta tashi. Bayan Kawu ya tafi ta yi mako biyu ba ta bari na taɓa ƙarfen ba. Ta ce, "Mun maida babanki maƙaryaci bai sani ba." Amma tana da ganin likita a watan Afrilu, kuma ta ƙudurta wannan karon a waje zan jira ta. Sai aka koma ruwa, ta kalla ta rubuta, ta kashe ta yi istigfari.

Wata Laraba da rana a cikin Maris, ina tsaye bakin taga hannu a sama, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ba mu ji tari ba. Na zare ƙarfe na tura ƙarƙashin kujera, Inna ta yafa mayafi, muka buɗe tare. Wani siririn Bature ne da jakar fata, yana haki saboda matakala. Ya gaishe mu da ladabi, ya nuna katinsa, ya ce daga ofishin haraji yake, mai gidan nan ya rubuta cewa babu tele, ya zo ne ya ji ko haka ne. Daga inda yake tsaye ba ya hango falo. Na tuna maganar Kawu Sani, na ja numfashi, ƙarya ta riga ta zo mini baki a shirye, ni da na ƙware a taron iyaye. Sai na ji hannun Inna a kafaɗata, ta matsar da ni gefe. Ta dubi mutumin nan ido cikin ido, ta ce masa a hankali, kowace kalma a mazauninta, "Oui, monsieur, nous avons la télé. C'est moi qui regarde. Mon mari ne sait pas." Wato e, muna da ita, ni ce mai kallo, mijina bai sani ba. Ya yi mata wasu tambayoyi ta amsa, ta ma tambaye shi ko zai sha ruwa, ya sha. Ni ina tsaye ba ni da aikin yi, karo na farko a rayuwata. Ita a zatonta ta wanke Baba ke nan, laifin ya dawo kanta. Mutumin ya yi mata bayani cewa kuɗin a kan mallakar tele ɗin yake, a kalla ko kada a kalla, da waya ko babu waya. Da ya tafi ta jingina da ƙofa tana murmushi. Ta ce, "Nana, kin ji ni?" Na ce na ji ki, Inna. Sai murmushin ya fara raguwa, ta dubi agogon bango.

Da bakinta ta gaya wa Baba bayan ya idar da sallar magariba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaya da me muke kamawa, na kawo masa ƙarfen, ya jujjuya shi ya ajiye. Bayan 'yan makonni takarda ta zo, a biya kuɗin tele, a kuma biya tara saboda bayanin da ba gaskiya ba. Tarar ba ta dame shi ba kamar wannan kalmar. Ya karanta ya sake karantawa, yana cewa shekara ashirin yana kasuwa ba wanda ya taɓa kiransa maƙaryaci, yau ga shi a takarda da hatimi. Ya sa babbar rigarsa ya tafi ofishin da naɗaɗɗiyar wayarsa a aljihu don ya nuna musu shaida, suka faɗa masa abin da aka faɗa wa Inna, ya biya ya dawo. To tunda an biya, ai sai a mayar da waya a ci moriyar kuɗi. Na faɗi haka, ya yi mini kallon da ya sa na haɗiye sauran maganar. Ranar Asabar ya rungumi tele ɗin, asansar kuwa ta ƙi, ya sauka da ita hawa tara yana hutawa a kowane kwana, ina biye da shi da ɗan mayafin da Inna ta saƙa. Ya cusa ta a bayan wata mota mai tafiya Maradi, tsakanin tayoyi da katifu. Inna ba ta leƙo ta taga ba. Da watan Mayu ya zagayo ya sake yin alamar nan, ya kira ni ya nuna mini, ya ce, "Yanzu su zo."

Ganin likitan Afrilu tare muka shiga. Ban san ko kalmomin ne suka gudu ba ko zuciyar ce, ita dai ta ce bakinta ne ya jawo wa gida abin kunya, gara ta bar shi a rufe. Na kunna mata rediyo, ta ce ba ta kama magana sai tana ganin leɓen mai yi da abin da yake nunawa. Baba ya yi alkawarin kai ta ajin manya a unguwa, ta je sau biyu, aka ba ta takarda da haruffan boko, ta dawo da ciwon kai ba ta koma ba. Na gama firamare, na gama na gaba da shi, ina nan ina neman izini a makaranta don raka Inna asibiti. Ina shekara goma sha biyar likita ya dube ni, ni ɗin, ya yi mini bayanin aikin da za a yi wa mahaifar uwata, ya ce in gaya mata. Sunan gaɓar ta san shi, yana cikin kayenta tun zamanin mutum-mutumin roba. Na ga ta gane rabi, ta juyo tana jiran sauran daga bakina. An yi aikin lafiya, alhamdu lillahi, amma ranar na dawo gida na shige banɗaki na yi kukan takaici, kuma na yi kwana uku gaisuwa ce kawai tsakanina da Baba.

Da na koma Paris karatun jami'a, kusan duk lokacin cike takardar lampo sai gardamar ta tashi a tsakanin ɗaliban Nijar. Wasu su ce kuɗin banza ne, fuskoki iri ɗaya, shirye-shiryen da ke sa barci, kuma ba a tuna da irinmu sai wani abu ya kama da wuta. Rabin maganarsu gaskiya ce, ni ma har yau idan kamara ta shiga unguwarmu sai na tsinci kaina ina yi wa allo masifa da muryar Baba sak. Amma idan suka ce ba wanda tashoshin nan suka taɓa amfana, sai raina ya ɓaci fiye da yadda hirar ta cancanta, su yi ta mamakina. Da na kama aiki, albashina na farko tele na saya, sabuwa mai faɗi, na ɗauke ta a jirgin ƙasa har Lyon. Na shirya dogon jawabi, na ce wa Baba kuɗin shekara ni zan riƙa biya. Ya tsufa a lokacin, gemu ya yi fari. Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da farar wayar nan a naɗe yadda ya naɗe ta, ya miƙa mini. Na durƙusa na cusa ta a bango, ta shiga daidai. Wata matar yanayi ce ta fito, ba waccan ba. Inna ta matso, leɓenta ya ɗan motsa, ya sake motsawa, sannan ya tsaya. Ta ce, "Yanzu sauri suke yi." Ba su ƙara sauri ba, na sani, ita ma ta sani. Ta jawo wayar hannunta ta ci gaba da sauraren saƙon muryar 'yan uwanta na Maradi.

Yanzu an soke kuɗin ma gaba ɗaya, babu ɗan akwatin alama, babu mai hawo matakala da jakar fata, yara kuma kowa da allonsa a tafin hannu, ba mai tsayawa bakin taga da ƙarfe. Idan aka tambaye ni ko kuɗin ya cancanci a biya, nakan rasa ta inda zan fara. In don hoton Baba da ledar burodi ne, bai cancanta ba ko kaɗan. In don kayen Inna ne, da an ninka shi ma araha ne. Tashar ba ta san tana da ɗaliba a hawa na tara ba, mai gidan kuma ya sani bai ɗauke ta da nauyi ba, kuma a cikinsu babu wanda ya tambaye ta. Kayen yana wurina a Paris, shafin ƙarshe rabi ne, sauran duk fari. A watan jiya na hau jirgi na je raka ta asibiti. Likita ya tambaye ta ina ke mata ciwo, kuma tun yaushe. Jimlar tana nan a kaye da ajaminta, na sha jin ta tana gaya wa tukunya. Na yi shiru da gangan, na ba ta lokaci, ina roƙon Allah a zuciyata. Inna ta gyara mayafi, ta juyo ta dube ni. Ni kuma na buɗe baki na amsa, kamar kullum.